Tambayoyin da ake ta yi min kan tafiyar da mukai a hanyar 66 ta Amurka

Jama'a tun da muka dawo 'yan uwa da abokan arziki suke ta jero min tambayoyi, wasu a waya wasu in mun haɗu, kuma kusan duk abu ɗaya ake tambaya, shi ne na ce bari in zauna in haɗa su waje ɗaya in amsa iya abun da idona ya gani. Mu huɗu ne mukai tafiyar, ni da nake zane da tawada da fentin ruwa, da abokina mai ɗaukan hoto, sai wani magini mai aikin walda da ƙarfe shi da maiɗakinsa wadda ita ma zane take. Kwana 19 mukai a hanya.

Wai wace hanya ce wannan da kuke ta zuzutawa?

Tsohuwar hanyar mota ce da ta taso daga Shikago a jihar Ilinoi ta dire a Santa Monika bakin teku a Kalifoniya, a jikin allunan hanya za ka ga an rubuta Route 66. Tsawonta mil 2,448, kusan kilomita 3,940 kenan, ta ratsa jihohi 8: Ilinoi, Misuri, Kansas, Oklahoma, Teksas, Niyu Meksiko, Arizona da Kalifoniya. Kansas ɗin ma ɗan gefenta kawai ta taɓa, mil 13 ne ka fita. A watan Nuwamban 1926 aka ba ta wannan lambar, kuma ta kanta manoman da fari da guguwar ƙura suka kora daga gonakinsu a shekarun 1930 suka bi suka nufi Kalifoniya neman abun sawa a baki. Daga 1956 gwamnati ta fara shimfiɗa manyan tagwayen hanyoyi masu kewaye garuruwa, a hankali a hankali motoci suka bar tsohuwar, har a 1985 aka cire ta daga jerin hanyoyin tarayya gaba ɗaya. Amma mafi yawanta na nan ana bi, sai dai wani wajen kana cikin tafiya kwalta ta ƙare maka, dole ka hau sabuwar ka ɗan taɓa sannan ka sake sauka.

To me ya kai masu zane can? Ba gidajen tarihi ya kamata ku je ba?

Mun sha zuwa gidajen tarihi, kuma ban raina su ba. Abun da ya ja mu wannan hanya daban ne. Lokacin da take kan ganiyarta duk mai gidan mai da mai gidan abinci da mai masauki matsalarsa ɗaya ce, yaya zai sa direban da ke sharara gudu ya taka birki a ƙofarsa ba a ta maƙwabcinsa ba, toh sai kowa ya shiga ƙera wani abun da ido ba zai iya wucewa ba, wani ƙaton mutum, wani ƙatuwar kwalba, wani ɗakin kwana mai siffar tanti. Wasu kuma ba ma ciniki ne ya sa su ba, kawai abu ne ya tsaya musu a rai suka kwashe shekaru suna ginawa a bayan gida da siminti da tarkacen ƙarfe. Yawancinsu ba su taɓa shiga ajin koyon zane ba. Ni wallahi ina ganin aikinsu sai masu zanen bayan tirela na gida suka faɗo min, da maginan da ke wa fuskar gida ado a Zariya da Kano, mutanen da ba wanda ke kiransu da wani babban suna amma aikin hannunsu ne kowa ke kalla kullum a titi. Su muka je gani, mu zauna gaban abun da suka bari mu zana shi a tsanake.

Malam waɗannan motocin da aka binne a ƙasa da gaske ne ko haɗin kwamfuta ne?

Da gaske ne, na taɓa su da hannuna. Sunan wajen Cadillac Ranch, yana yamma da garin Amarillo a Teksas, a tsakiyar wata gona fetal ba bishiya ba komai. Motoci 10 ne ƙirar Cadillac, na shekarun 1949 zuwa 1963, an kafa su a jere kai a ƙasa baya a sama. Wasu matasa uku masu fasaha na ƙungiyar Ant Farm, wato Chip Lord da Hudson Marquez da Doug Michels, su suka yi a 1974, wani attajirin garin Stanley Marsh ya ba da fili da kuɗi. Abun da suke son nunawa shi ne yanda fiffiken bayan motar ya dinga sauya fasali shekara bayan shekara, shi ya sa bayan ne a sama. A 1997 da gari ya fara cim musu sai aka tone su aka matsar da su kaman mil 2 yamma.

Ba a biyan ko sisi, kuma kowa na iya zuwa da fentin feshinsa ya fesa abun da ya ga dama, fentin ya taru ya taru har ƙarfen ya ɓace, in ka dafa sai ka ji kaman ɓawon tsohuwar kuka, guntaye na ɓallewa suna faɗuwa ƙasa kala kala. Ni da na samu gefen wata ƙofa sai na zana dagin Arewa da shuɗi da fari, na ja baya abokina ya ɗauka, kafin mu gama shan ruwa wasu yara biyu da babansu sun fesa ja a kai. Mai waldan cikinmu ya ɗauka zan ji haushi, ban ji ba, dan nima kan aikin wani na fesa nawa. Abun da ya ɓata min rai shi ne gwangwanayen fenti da mutane ke watsarwa a gonar bayan ga wajen zuba shara a bakin titi, sai da muka cika leda biyu kafin mu tafi. Sannan iskar wajen ba ta da sauƙi ko kaɗan, in za ka fesa ka duba ta inda take kaɗawa in ba haka ba a fuskarka zai ƙare.

A duk abun da kuka gani wanne ya fi tsaya maka?

Biyu ne, duk a Oklahoma, kuma ba su da nisa da juna.

Na farko ƙaton kifin nan shuɗi na garin Catoosa kusa da Tulsa, irin wanda ya fi kowace halitta girma a teku, an gina shi da ƙarfe da siminti a cikin wani ɗan tafki, tsawonsa ƙafa 80, bakinsa a wangame kana iya shiga ta ciki ka bi ka fita wajen jela. Wani dattijo Hugh Davis da ya yi aiki a gidan zu na Tulsa shi ya gina wa matarsa Zelta a farkon shekarun 1970 a matsayin kyautar zagayowar ranar aurensu, saboda tana son tara 'yan ƙananan siffofin kifin. Ka duba fa, simintin nan da hannu aka dinga kwaɓawa ana shafawa bokiti bokiti. Daga baya yaran gari suka mai da tafkin wajen wanka har aka rufe a 1988, ya lalace, mutanen garin suka tashi suka gyara. Na yi awa uku a bakin ruwan ina zana shi, kuma sai da na zo kan murmushin bakin na gane ba a miƙe yake ba, gefe ɗaya ya ɗan fi ɗagawa, hoto ba zai taɓa nuna maka wannan ba sai ka bi layin da alƙalami.

Na biyu doguwar hasumiyar Ed Galloway kusa da Foyil, sai ka ɗan sauka daga hanya mil kaɗan. Malamin koyar da aikin katako ne a wani gidan marayu, da ya yi ritaya ya fara ginin a 1937 bai gama ba sai 1948, shekara 11, tsayinta ƙafa 90, tana zaune kan bayan wani ƙaton kunkuru, jikinta duk siffofin tsuntsaye da fuskoki masu launi. Mai waldan cikinmu zagaya ta kawai ya dinga yi yana lissafin yanda mutum ɗaya zai hau da siminti har can sama, daga ƙarshe ya samu waje ya zauna bai ce komai ba.

Akwai wasu masu zane da suka taɓa irin wannan tafiyar kafin ku?

Sosai ma, kuma wanda ya fi shahara shi ne Bob Waldmire, ɗan Springfield ta Ilinoi. Shi rayuwarsa ce ma gaba ɗaya ya yi a kan hanyar, yana yawo a wata bas ƙirar Volkswagen ta 1972 yana zana taswirori da katuna da wani ƙanƙanin rubutu da sai ka kanga ido, duk gidan mai da gada da tsiro da dabbar da ke wajen sai ya sa ta. A 1992 ya sake buɗe tsohon kantin Hackberry a Arizona ya zauna a can wasu shekaru. Ya rasu a Disamban 2009. Motar tasa na nan a gidan tarihin hanyar da ke Pontiac a Ilinoi, mun tsaya mun leƙa cikinta a rana ta biyu, kuma gaskiya ta canza min yanda na yi sauran tafiyar, daga nan na fara rubuta bayani a gefen kowane zane, ƙarfe nawa ne, ina iska ke kaɗawa, me mai wajen ya ce.

Waɗannan ƙattin mutanen da ke tsaye bakin titi ba gumaka ba ne?

Wannan tambayar wata gwaggona ce ta fara min ita kuma na san da yawa na da ita a rai. Ba bauta musu ake ba, talla ce. Wani kamfani a Kalifoniya ne ya dinga zuba su da wata irin roba mai ƙarfi a shekarun 1960 yana sayar wa masu gareji da gidajen abinci, duk fuska ɗaya da tsayuwa ɗaya, hannu a miƙe, kowa sai ya ɗora masa abun da yake sayarwa, wani salansar mota wani gatari wani taya. Na garin Wilmington a Ilinoi da ake kira Gemini Giant kusan ƙafa 30 ne, kore, da hular 'yan sama jannati da roka a hannu, dan lokacin Amurka na ta harba mutane sararin samaniya. Batun hukuncin zana mai rai kuwa wannan na malamai ne, kowa ya koma wa malaminsa. Ni dai littafina in ka buɗe gine-gine da motoci da allunan fitila sun fi yawa a ciki.

Wanne ne ya fi ba ku mamaki?

Tankin ruwan garin Groom a Teksas. Muna tafe sai muka hango shi ya karkace kaman yanzu zai kife, maiɗakin abokinmu har salati ta yi. Ashe da gangan mai wata tashar manyan motoci, Ralph Britten, ya kafa shi a haka dan mutane su tsaya su gaya masa tankinsa zai faɗi, in sun tsaya su sha mai su ci abinci. Tashar ta daɗe da tashi, tankin na nan a karkacensa.

Sai gonar kwalabe ta Elmer Long a Oro Grande cikin hamadar Kalifoniya, bishiyoyin ƙarfe sama da 200 da ya walda, kowane reshe da kwalba a soke, kwalaben da shi da mahaifinsa suka dinga tsinta a hamada tun yana yaro. Ya rasu a 2019. In iska ta taso wajen gaba ɗaya sai ya ɗau wani irin kuka siriri, ga rana na ratsa kore da ruwan ƙasa da shuɗi tana zubawa a ƙasa. Na gwada zana shi sau uku, ba wanda ya kama hasken.

Da gaske akwai garin da jakuna ke yawo a titi a Amurka?

Akwai, Oatman a Arizona. Tsohon garin haƙar zinare ne, da aikin ya mutu masu haƙar suka saki jakunansu a duwatsu, jikokinsu ne yanzu ke saukowa gari kullum suna tare motoci suna cusa kai ta taga. Turawa na ta ihun murna suna hoto, ni kuma da na tashi ina ganin jaki da mangala ina tsaye ina kallon yanda ba wanda ke ɗora musu komai. Ɗaya ya kama gefen littafina da haƙori, shatin na nan har yanzu. Hanyar shiga garin ta gabas ta cikin dutse ce mai kwana kwana ba shinge a wurare da yawa, kar wanda ya bi ta da dare.

Yaya ku baƙar fata ba ku samu matsala ba a ƙauyukan nan?

Mu dai alhamdulillah lafiya muka je muka dawo, yawancin mutanen da muka haɗu da su dattawa ne masu son hira, suna ganin kana zana shagonsu za su fito da kujera da ruwan sanyi. Sau ɗaya ne a wani ɗan masauki matar da ke kanta ta kalle mu ta ce ba ɗaki alhali fitilar waje na nuna akwai, ba mu ja ba muka ƙara gaba, Allah ne ya san zuciyarta. Amma ya kamata a san tarihin, dan a zamanin da ake ta yabo ɗin nan baƙin mutum ba ko'ina yake iya kwana ko cin abinci ko shan mai a hanyar ba, akwai garuruwa da yawa da in rana ta faɗi ba a yarda a gan shi a ciki ba. Shi ya sa wani ma'aikacin gidan waya baƙar fata, Victor Hugo Green, ya fara buga wani ɗan littafi a 1936 mai jera wuraren da za su karɓe ka. A Luther ta Oklahoma akwai tsohon gidan man iyalan Threatt, na baƙaƙen fata ne, ginin dutse ɗan ƙarami, a nan matafiya irinmu ke samun tsayawa hankali kwance a wancan lokacin. Ba shi da wani ƙaton abu a gabansa mai jan ido, amma shi na fi daɗewa ina zanawa a ranar, dutse bayan dutse.

Haka ma 'yan asalin ƙasar. Hanyar ta ratsa yankunan ƙabilunsu da yawa, kuma an daɗe ana cin kasuwa da siffarsu, misali masaukin Wigwam a Holbrook ta Arizona ɗakunan siminti ne masu siffar tantin ƙabilun filayen tsakiyar ƙasar, alhali Nabaho da Hopi da ke yankin ba irin gidajensu kenan ba. In za ka sayi sarƙa ko tukunya ko saƙa ka nemi hannun wanda ya yi, kuma a garuruwansu wasu wuraren an hana hoto an hana zane, ka tambaya tukunna.

Sallah da abinci fa?

Kasaru muka dinga yi ni da abokina, da darduma a but da jarkar ruwa. Abun da ke rikita baƙo shi ne alƙibla, a Amurka arewa maso gabas ake fuskanta, ka sa manhaja a waya ka huta. Manyan garuruwa irin su Shikago da St. Louis da Tulsa da Amarillo da Albuquerque duk akwai masallatai, Juma'a biyu muka samu a hanya. Abinci kuma sai ka buɗe baki ka yi tambaya dan naman alade na shiga inda ba ka zata ba, a Niyu Meksiko har wake da gurasarsu wasu da kitsensa suke yi. Ƙwai da kifi da dankali suka riƙe mu, sai ɗan risho da tukunya da muka tafi da su muna dafa shinkafa da taliya. Koren barkonon Niyu Meksiko kuwa ya yi, shi kaɗai ne ya tuna min da yajin gida. Mai tahowa daga gida kar ya ce zai yi guzurin kilishi, kwastan ɗinsu ba sa bari a shigo da nama.

Wane lokaci ya fi, kuma me zan tanada?

Watan Mayu ko Satumba zuwa Oktoba. Tsakiyar bazararsu hamadar Mojave na wuce digiri 40, fentin ruwa kafin ka kai burushi takarda ya bushe, sannan garin Flagstaff a Arizona da ke kan tudu kusan ƙafa 7,000 da dare sanyi ne sosai ko da rana ta yi zafi, dan haka rigar sanyi dole. Wajen Afrilu da Mayu kuma Oklahoma na fama da guguwar nan mai juyawa, ka dinga duba hasashen yanayi. Tuƙi a hannun dama ne kaman Najeriya da Nijar, mai kuma da galan ake sayarwa, kusan lita 3.8. In motar haya ce ka ɗauka a Shikago za ka ajiye a Kalifoniya akwai ƙarin kuɗi mai tsoka na rashin dawo da ita, ka tambaya tun kafin ka sa hannu. A hamada tanki na kaiwa rabi ka cika. Wanda ya shigo da bizar ziyara kuma ya sani ba ta ba shi damar aiki ko kasa zane yana sayarwa ba.

Kayan aiki kar ka cika, littafi biyu masu kauri, alƙaluman tawada da ba ta jin ruwa, ɗan akwatin fenti, 'yar kujerar ninkewa, hula mai faɗi, da matsen takarda saboda iska.

Sati ɗaya zai isa?

Zai isa ka tuƙa, ba zai isa ka zana ba. Mu da kwana 19 ma wurare da yawa ta gilashi muka gan su. A Adrian ta Teksas akwai allon da ke nuna tsakiyar hanya, mu sai a rana ta 11 muka kai nan dan Oklahoma ta cinye mana kwanaki, dole muka dinga sauri a Niyu Meksiko, allunan fitila na garin Tucumcari ma dare ɗaya kawai muka ba su. In kwanakinka kaɗan ne gara ka yanki jiha ɗaya ko biyu.

Wa ke kula da waɗannan abubuwan yanzu da hanyar ta mutu?

Mutanen garuruwan ne da kansu, da 'yan sa kai da akwatin taimako a bakin ƙofa. Abun ya faro ne daga Seligman a Arizona, inda sabuwar hanya ta kewaye su a Satumban 1978, rana ɗaya motoci suka ɗauke ɗif, shaguna suka dinga rufewa. Wani mai aski a garin, Angel Delgadillo, shi ya tara mutane a 1987 suka kafa ƙungiya suka matsa wa gwamnatin jiha har ta ayyana yankin nasu a matsayin hanyar tarihi ta kafa alluna, sauran jihohin suka bi sahu. Shagon askin nasa na nan, bango duk katunan baƙi daga ƙasashe daban daban, kujerar askin ma na nan. Na zana ta a tsaye dan ba wajen zama saboda cika, da na gama na ciro takardar naira 20 da ta daɗe a walat ɗina na miƙa wa matar da ke kula da shagon, ta juya ta tana tambayata wane ne a jiki, na ce mata Murtala ne, ta sa na rubuta mata sunan a takarda.